Filtar Tsere da Shan Mai: Nazarin Wata Corolla Mai Jigila Tsakanin Jos da Abuja

Motar Toyota Corolla ce ta 2007, tokumbo daga Amurka, injinta 1ZZ-FE mai lita 1.8, giya otomatik, tankinta yana cin lita 50. Haya ake yi da ita. Direban yana lodi a Jos, ya bi ta Mararrabar Jama'a, ya gangara Hawan Kibo, ya ratsa Akwanga da Keffi ya sauke a Abuja, washegari ya juyo. An shigo da ita gareji a tsakiyar hunturu da ƙorafi uku: shan mai ya ƙaru, ba ta ja a hawa, kuma wutar cek, wato fitilar gargaɗin matsalar inji da ke gaban direba, ta kama ta ƙi mutuwa.

Ana ɗaga bonet aka ga babu akwatin filtar iska na asali. An cire shi ɗungurungum, an sa bututun ƙarfe mai ƙyalli, a bakinsa an ɗaura jar filta mai siffar mazurari, irin wadda masu kayan mota ke kira filtar tsere. Ba ta da sunan kamfani a jikinta. Direban ya ce an sayar masa da ita ne a kan cewa mota za ta riƙa shaƙar iska sosai, ta ƙara ƙarfi, ta rage shan mai, kuma ba sai an sake sayen wata ba tunda wanke ta ake yi. Wata biyu da rabi ke nan da sa ta.

Babu mai ganin laifinsa. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura naira 1,000 a Abuja. Mutumin da abincin gidansa ke fitowa daga ratar da ke tsakanin kuɗin fasinja da kuɗin mai, duk abin da aka ce masa zai rage masa lita biyu sai ya saurara.

Abin da ya sa ya gaskata da farko

Direban ya dage cewa a makon farko filtar ta yi aiki, daga baya ne ta lalace. Wannan magana ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ke yaɗuwa a tasha har wasu su je su saya.

A Jos aka sa masa filtar, tafiyarsa ta farko kuma Abuja ce. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, Abuja kuwa ba ta wuce mita 500 ba. Wato mai tafiya Abuja yana saukowa sama da mita 700, mai dawowa yana hawan su. Corolla da direba da fasinja huɗu da kaya a but tana kaiwa kilo 1,500 ko fiye. Ɗaga wannan nauyi mita 700 yana cin wajen lita ɗaya da rabi na fetur a kan abin da hanyar kanta ke ci, a saukowa kuma mota tana samun rangwamen wani ɓangare na wannan, har ma a gangara mai tsawo idan aka ɗaga ƙafa daga totur mota tana cikin giya, kwamfutar injin takan yanke mai gaba ɗaya. Tsakanin zuwa da dawowa ana iya samun bambancin lita biyu a motar da ba a taɓa komai a jikinta ba. Wanda ya sa sabon kaya a Jos ya gwada shi a hanyar Abuja, ko mene ne kayan, zai iso yana yabonsa.

Sannan da allurar tanki yake awo, da kuma naira. Allurar tanki ba ta sauka daidai wa daida, takan daɗe a sama sannan ta zube da sauri a rabin ƙarshe. Naira kuwa ba ma'auni ba ce a lokacin da farashi ke canjawa daga gidan mai zuwa gidan mai. A kan haka a ƙara da cewa duk wanda ya kashe kuɗi don rage shan mai, a kwanakin farko ƙafarsa takan yi sauƙi a kan totur ba tare da ya lura ba.

Iya abin da filta za ta iya yi wa shan mai

Injin fetur yana ƙona iska da mai a ma'auni sananne: kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur. A motar injekta irin wannan, sensar auna iska da ke bayan filta tana gaya wa kwamfuta giram nawa na iska ke shiga a kowace daƙiƙa, kwamfuta ta buɗe nozul gwargwadon haka, sannan sensar iskar oksijin da ke bakin salansa ta duba hayaƙin ta ce an yi daidai ko a ƙara ko a rage. Wannan kai-kawo yana gudana ba tsayawa muddin inji ya yi zafi. Idan iska ta ƙaru, mai ne zai ƙaru. Babu yanayin da kwamfuta za ta ga ƙarin iska ta bar mai yadda yake.

To wa ke yanke yawan iskar da ke shiga? Farantin totur ne, wato ƙafar direba. A Jos nauyin iskar waje kusan kilofaskal 88 ne (kilofaskal ma'aunin matsin iska ne). Mota tana silo, wato tana kunne ba a taka totur ba, abin da ke bayan farantin totur bai fi kilofaskal 30 ba. Tana tafiya a kilomita 90 ko 100 a shimfiɗaɗɗiyar hanya, yana wajen 50. Ma'ana totur da kansa yana tare kusan kilofaskal 40 da gangan, domin direba ba ya bukatar dukkan ƙarfin injin. A irin wannan tafiya, abin da filtar takarda mai tsabta ke tarewa bai kai kilofaskal ɗaya ba. Kamar famfon da aka buɗe kwata ne: ko an sauya bututun da ke kawo masa ruwa da wanda ya fi faɗi, abin da ke zuba a bokiti ba zai canja ba, idan ma ya ɗan ƙaru mai ɗiba zai ƙara murɗa kan famfon. Filta ta buɗe sosai, direba ya ɗan ɗaga ƙafa. Filta ta ɗan toshe, ya ɗan ƙara takawa. Iskar da ke isa fistin ɗaya ce, man ma ɗaya ne.

An gwada wannan a ɗakin bincike. A 2009 cibiyar Oak Ridge da ke ƙarƙashin ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ɗauki motocin injekta uku, ciki har da Toyota Camry ta 2003, da wata tsohuwar Pontiac ta 1972 mai kafireto, ta toshe musu filta da gangan ta auna. A motocin injekta shan mai bai canja wani abin kirki ba, abin da ya ragu shi ne saurin ɗaukar wuta, da kashi 6 zuwa 11 cikin ɗari. A mai kafireto ne aka ga bambanci: sauya filtar da ta toshe yana iya gyara shan mai da kashi 2 zuwa 6, har zuwa 14 idan toshewar ta kai ga mota tana shaƙewa. Dalilin a fili yake. Kafireto ba shi da sensa, zuƙar iska ce ke jawo mai, filta na toshewa zuƙar ta ƙaru, mai ya yi yawa, kamar an ja cok.

Daga nan maganar ta samo asali, kuma tsofaffin makanikai da suka yi zamanin Fijo 504 ba ƙarya suke yi ba idan sun ce filta na sa shan mai. A kan 504, da babur mai kafireto, da janareta, har gobe gaskiya ce. Amma idan filtar da aka toshe da gangan ba ta ƙara wa motar injekta shan mai ba, babu ta yadda wadda ta fi buɗewa za ta rage shi. Amfanin filta mai buɗewa yana bayyana ne kawai idan an take totur har ƙasa inji yana kusa da ƙarshen juyinsa, can ma ƙarin ƙarfin ɗan kaɗan ne, kuma da ƙarin mai ake biyansa.

Abin da aka samu a jikin motar

Wannan ya bayyana dalilin da filtar ba ta rage mai ba. Saura dalilin da ya sa ya ƙaru.

Da aka jona sikana, wato na'urar da ke karanta abin da kwamfutar mota ta gani, lambar da ta fito ita ce P0171, wato kwamfuta tana ganin iska ta fi mai yawa kuma ta gaji da gyarawa. A nan makanike mai gaggawa yakan ce famfon mai ne ya yi sanyi, ko nozul sun toshe, ko a sayi sabuwar sensar oksijin. Kafin a kwance komai sai aka duba layin da sikana ke rubutawa LTFT, wanda ke nuna kashi nawa kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa a kan lissafinta na asali. A inji mai lafiya wannan lamba takan zauna tsakanin ragi 5 da ƙari 5. Ta wuce 10, akwai magana. A wannan motar, tana silo lambar ta haura ƙari 10, da aka fita da ita hanya aka ba ta wuta kuwa sai ta haura ƙari 20 tana ci gaba da hawa.

Yadda lambar ke tafiya yana nuna inda ɓarnar take. Idan ta yi sama a silo ta sauko da an ba mota wuta, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan tana hawa yayin da ake ƙara wuta, ko dai mai ba ya isa, ko sensar auna iska tana faɗin ƙasa da abin da ke wucewa. An auna ƙarfin famfon mai aka samu yana daidai. Motar tana da matsalolin biyu a haɗe, kuma da aka bi bututun da hannu aka samu abubuwa huɗu.

Na farko bututun kansa. A wannan Corolla sensar auna iska tana zaune ne a wuyan murfin akwatin filta. Wanda ya cire akwatin ya cire mata mazauni, sai ya huda sabon bututun ya cusa ta ya liƙe da gam. Sensar ba ta auna dukkan iskar da ke wucewa. Ɗan abin da ya ratsa ta cikinta take aunawa, kwamfuta ta lissafa sauran bisa faɗin wuyan da Toyota ta ƙera. Sabon bututun ya fi na asali faɗi. Idan faɗin bututu ya ƙaru da kashi 10, filin cikinsa yana ƙaruwa da kashi 21, iskar da ke wuce sensar ta rage gudu da wajen kashi 17, kwamfuta ta ɗauka iskar da ke shiga ta ragu haka. Wannan kuskuren yana nan tun ranar da aka sa filtar, ko da sabuwa ce fil.

Na biyu shi ne wanda ya fi tayar da hankali. Akwai tiyo da ke fitowa daga murfin saman inji ya shiga bututun iska na asali, ta nan cikin inji ke samun iska mai tsabta wadda aka riga aka tace aka auna. Sabon bututun ba shi da bakin da za a sa wannan tiyo, sai aka bar shi yana reto a buɗe. Inji yana zuƙar iska ta nan, ta ratsa inda baƙin mai yake, ta fita ta bawul ɗin shaƙa ta shiga manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska a bayan totur. Sensa ba ta gan ta ba, shi ya sa lambar ta hau a silo. Filta ma ba ta gan ta ba. Wata biyu da rabi ƙurar hunturu tana shiga kai tsaye cikin baƙin mai.

Na uku man da ke jikin filtar. Irin wannan filta yadin auduga ne tsakanin ragar waya, kuma ba ta kama ƙura sai an shafa mata wani mai na musamman, siriri, a bar shi ya bi zaren. Wannan an wanke ta a wurin wankin mota, yaron ya ga ta bushe ya tsiyaya mata baƙin mai. Iska ta kwashi man ta kai wa sensar. A cikin sensar akwai siririyar waya da lantarki ke ɗumamawa, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, daga yawan lantarkin da ake bukata don riƙe zafinta ake gane yawan iska. Mai ya lulluɓe wayar, ƙura ta manne a kai, iska ta daina taɓa ta sosai. Da aka haska ta da tocila an ga ta yi baƙi kamar an shafa kwalli. Wannan ne ya sa abin ya riƙa ƙaruwa mako bayan mako har wutar cek ta kama, kuma shi direban yake nufi da ya ce filtar ta lalace daga baya.

Na huɗu zafi. Akwatin asali yana da hanci da ke ɗauko iska daga gaba, nesa da zafin inji. Mazurarin kuwa a tsakiyar ɗakin inji yake, a bayan lagireto, yana shan iskar da fanka ta huro. A cunkoso sikana ta nuna zafin iskar da ke shiga ya haura digiri 60, alhali a waje bai kai 30 ba. Duk ƙarin digiri 10 yana rage kaurin iska da wajen kashi 3, wato kusan kashi 9 ke nan. Jos da ma ta riga ta karɓe wa kowane inji marar turbo kusan kashi 12 na ƙarfinsa saboda tsayi. A yi adalci: iska mai ɗumi ita kaɗai ba ta ƙara shan mai a tafiya mai sauƙi. Ɓarnarta a hawa take, inda take sa fetur ya nemi fashewa kafin lokaci.

Ta ina man ya tafi

Mai karatu da ya bi bayanin zai iya tambaya: tunda sensar oksijin tana gyara ma'auni, ina hasarar? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce a miƙaƙƙiyar hanya da ƙafa a tsaye, hasarar kaɗan ce. Amma hanyar Jos zuwa Abuja ba haka take ba. Ramuka ne, shingayen jami'ai, tireloli da za a wuce, da hawa.

Duk lokacin da aka taka totur farat ɗaya, kwamfuta da lissafin sensar iska take fara aiki kafin gyara ya biyo baya. Lissafin ya yi ƙasa, mai ya yi kaɗan, mota ta yi jim. Direba ya ƙara takawa. Giyar otomatik ta ga an taka da yawa ta koma ta ƙasa, inji ya hau juyi 4,000 a wurin da da can yake wucewa da 2,500. Kwamfuta kuma, da yake tana zaton nauyin da ke kan inji bai kai yadda yake ba, tana ba fulogi wuta da wuri fiye da kima. Ga iska mai zafi, sai fistin ya fara ƙara, sensar da ke sauraron wannan ƙara ta sa a ja wutar baya. Wutar da aka ja baya tana nufin man da aka ƙona bai ba da cikakken ƙarfinsa ba, wani ya fita ta salansa a matsayin zafi. Idan kuma ƙafa ta yi nisa sosai, kwamfuta takan bar ma'aunin 14.7 ta koma wajen 12.5 don ƙarfi da kare inji, wato ƙarin mai kusan kashi 18 a kan iska ɗaya. Motar da ba ta ja tana tilasta wa direba zama a wannan yanki tun daga gindin Hawan Kibo har samansa.

Akwai kuma ƙara. Akwatin asali yana da ɗakunan da ke kashe rurin iska. An cire su, mota tana gurnani idan an taka ta, kunne ya ce ƙarfi ya ƙaru, ƙafa ta bi kunne.

Ƙura

Shan mai ne ya kawo motar gareji, amma hasarar da ta fi girma ba a gidan mai ake ganinta ba. Litar fetur ɗaya tana bukatar iska kusan kilo 11, wanda a siririyar iskar Jos ya kai lita 10,000. Tanki ɗaya ke nan lita dubu 500 na iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu wannan iska ɗauke take da hazon da ke tasowa daga Sahara, mafi yawansa daga kwarin Bodele a Chadi, ga kuma jar ƙasar hanyoyin da ba kwalta da turɓayar tsofaffin ramukan kuza a kewayen Bukuru. Abin da ke cikin wannan ƙura har da ƙwayoyin yashi da suka fi ƙarfen silinda tauri.

Ana gwada filta da ma'aunin ISO 5011, a hura mata ƙura a auna abin da ya tsallake. Filtar takarda ta kirki tana kama sama da kashi 99. Mutane kan raina bambancin kashi biyu ko uku, amma lissafin ta ɗaya gefen ake yinsa. Filtar da ke kama kashi 99.5 tana barin rabin giram a cikin kowane giram 100. Wadda ke kama 97 tana barin giram uku, ninki shida ke nan. Filtar auduga ta kamfanin kirki, wadda aka shafa wa manta yadda ya kamata, tana iya yin aiki mai kyau. Wadda ba suna, aka wanke da omo aka shafa mata baƙin mai, ba wanda zai iya cewa nawa take kamawa. A wannan motar an ɗaga ta sama an ga hasken rana yana ratsa ta ta ƙananan huji.

Gwajin da kowa zai iya yi ba ya bukatar na'ura: a kwance bututun da ke tsakanin filta da totur, a shafa farin ƙyalle a cikinsa. Ya kamata ya fito fari. A nan ya fito ja, kuma ana jin ɓarɓashi tsakanin yatsu. Wannan ɓarɓashin ne ke cin ringi da bangon silinda. Ringi ya ci, inji ya fara shan baƙin mai, hayaƙin ya kashe sensar oksijin ya toshe indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, a nan ne shan fetur na dindindin ke farawa, wanda sauya filta ba ya warkarwa sai an sauke inji.

Gyaran

An nemo cikakken akwatin filta na tokumbo a kasuwar kayan mota ta Dilimi da ke Jos, da murfinsa da hancinsa da bututun roba da ƙugiyoyinsa. Kafin a saya an lanƙwasa bututun robar an duba cikin ninkinsa, domin a nan yake tsagewa ba a gani, an kuma tabbatar murfin bai karkace ba kuma ƙugiyoyin suna kamawa.

Sai sensar. An kashe mota, an cire soket, an kwance ta. Ɗan dunƙulen da ake gani a waje mai kama da kan ashana na auna zafin iska ne, wayoyin da ake nema suna can cikin ramin, sai an leƙa. An fesa musu maganin wanke sensar iska sau goma zuwa goma sha biyar daga ɗan nesa, aka bar ta ta bushe da kanta minti ashirin. Ba a taɓa wayar da tsinke ko auduga, ba a hura ta da kwamfuresa, ba a wanke ta da fetur ko maganin kafireto, domin yana cin roba yana kuma barin saura. An duba zoben robar da ke wuyanta kafin a mayar da ita mazauninta na asali. An wanke bakin totur, an mayar da tiyon murfin inji wurinsa da kilif. An yi juye nan take, da sabuwar filtar mai, ba a jira lokacinsa ya yi ba, aka kuma ce a sake yin wani da wuri don a kwashe ragowar ƙurar.

Zaɓen filtar takarda ma aiki ne, domin jabu sun cika kasuwa kuma kwalinsu ya fi na gaske kyau. Lambar filtar iska ta Toyota da 17801 take farawa, amma masu jabu ma sun iya buga lamba. Abin dubawa shi ne yawan ninki da zurfinsa, kaurin takardar, da robar gefe: ta zama mai laushi, ba ta da tsaga, ta zauna a akwatin ba tare da an danna ta ko ta yi lilo ba. Filtar da gefenta bai rufe ba, komai kyan takardarta, ƙura ta gefen za ta bi.

Daga ƙarshe aka goge abin da kwamfuta ta koya da sikana, aka bar motar ta yi silo har inji ya yi zafi, aka fita da ita. Inji da zafi, ba a kunna na'urar sanyi ba, sensar ta nuna wajen giram biyu a daƙiƙa, daidai da abin da ake tsammani a inji mai lita 1.8. Lambar gyaran mai ta dawo ƙasa da ƙari 5 a silo da kan hanya. Zafin iskar shiga ya sauko kusa da na waje da zarar mota ta fara tafiya.

Awo da sakamako

An nuna wa direban yadda zai auna. A cika tanki har famfo ya yanke da kansa karon farko, kada a ce a ƙara. A mayar da mitar tafiya sifili. A je Abuja a dawo, a koma gidan man nan, famfon nan, a sake cikawa, a raba kilomita da litar da ta shiga. A maimaita sau uku a ɗauki tsakiya, kuma kada a canja abu biyu a lokaci guda. Da mazurarin, lissafin rasit ɗinsa ya nuna motar tana yin wajen kilomita 11 a lita. Bayan gyara ta koma tsakanin 12 da 13, inda take kafin a taɓa ta. A zuwa da dawowa ɗaya bambancin ya kai lita biyar zuwa shida. Sabuwar filtar takardar ba ta ƙara mata komai a kan asalinta ba, ta dai mayar da abin da aka ɓatar.

An gargaɗe shi a kan al'adar kai filta wurin mai faci a hure ta da kwamfuresa a kowane juye. Iskar tana yaga zaren takardar ta buɗe hujin da ido ba ya gani, filta ta yi kyan gani ta daina aiki. Filtar da ta ɗan yi ƙura ta fi sabuwa kamawa, domin ƙurar farko tana toshe manyan ƙofofi. Littafin motar a Amurka yana cewa a sauya a mil 30,000, wato kilomita 48,000, amma wannan ba na hanyar Akwanga a watan Janairu ba ne. A nan a duba ta a kowane juye, a ɗan bubbuga ta a hankali, a haska tocila ta bayanta, idan haske ya daina ratsawa a sauya. Ga motar haya, ƙarshen hunturu lokaci ne mai kyau.

Da ake kan sikana an lura da wani abu da ba shi da alaƙa da filta. Zafin ruwan inji ba ya wuce digiri 65 a kan hanya. An cire wa motar tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa a inji har sai ya yi zafi, tun tuni, an kuma jona fanka kai tsaye, yadda aka saba yi wa tokumbo da sunan wai zafin ƙasarmu ya fi ƙarfinta. Tamostat ɗin wannan inji a wajen digiri 82 yake buɗewa, kuma kwamfuta tana ƙara mai muddin tana ganin inji bai yi zafi ba. A garin da asubahin Disamba ke sauka kusa da digiri 10, kuma a gangara mai tsawo irin ta Kibo, injin da ba tamostat yakan yi rabin tafiya da sanyi. An bar wannan sai da aka gama awon filta don kada lissafi ya cakuɗe, sannan aka sa tamostat aka mayar da fanka kan rile. Tayoyin baya ma an same su da ƙarancin iska, aka cika su daidai da lambar da ke manne a jikin ƙofar direba.

Abin da ya rage a sa wa ido shi ne ringi. An auna matsin silinda huɗun, sun yi kusa da juna kuma suna cikin iyaka, amma cin da ƙura ke yi ba ya nuna kansa nan da nan. An sa direban ya riƙa zaro sandar baƙin mai kowace safiya kafin ya tada mota, a wuri mai daidai, ya lura da kilomita nawa take yi kafin mai ya sauka daga alamar sama zuwa ta ƙasa. Idan ta fara cin lita ɗaya a ƙasa da kilomita 1,500, ko aka ga shuɗin hayaƙi lokacin da ya taka totur a ƙasan gangara, sai a dawo da ita a sake auna matsin, a kwatanta da lambobin da aka rubuta masa a bayan katin juye.